Sifikar Malam Sada

"Ina gajiya kuma?" in ji Labaran, bai ko ɗago kai daga rediyon da ya farke a gabansa ba.

"Gajiya ga ta nan tsaye a ƙofar rumfarka da kaya a ka. Tashi ka sauke ni, ɗan gwaggo."

Sai da ya ji haka ya zare tabarau ya duba. Haulatu ce, ɗiyar kawunsa da ke aure a Kusada. Ta ɗauko wani abu mai nauyi naɗe cikin tsohon zane, gefen hijabinta duk jar laka, don an kwana ana ruwa a Kankia, hanyar bayan tasha kuma ba ta da kirki. Ya kai wata shida rabonsa da ita. Ta rame ƙwarai. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, suka kama kayan suka sauke a kan tebur.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

"Kai ake jira."

"Na ga kin naɗo gawa a zane, shi ya sa."

"Gawa ce kau. Amfilifayar Malam ce. Kuma kada ka fara murna, ba gyara na kawo ba, ajiya na kawo. Shagon Ɗanmaliki za ni in sayi sabuwa, irin ta mutanen da ke da sauran rai."

"To mi ya biyo da ke nan?"

"Inuwa. Da bawan da zai ɗaukar mani kaya zuwa mota."

Mahaifin Haulatu wa ne ga mahaifiyar Labaran. Tun suna yara a Kunduru take kafa hujja da haka tana kiransa bawanta, shi kuma yana ce mata gidansu ba a taɓa ganin kaza ba balle bawa. Yanzu dukansu sun haura hamsin, iyayen da suka haɗa su duk sun kwanta dama, amma ba ranar da suka haɗu aka rabu ba a yi ba.

"Zauna, uwar ɗaki," ya ce, ya tura mata benci da ƙafa. "Yi a hankali, bencin ya saba da mutane masu nauyi, kada iska ta ɗauke ki."

"Ni ko iska ta ɗauke ni an yi asara. Kai fa? Shekara talatin kana rumfar nan kana leƙa cikin rediyon mutane, har yau ba ka samu abin da kake nema ba."

"Na samu. Ciwon baya."

Ya zuba mata ruwa a kofi. Ta shanye a tsaye ɗaya, ta miƙo ya ƙara. Daga tsallaken titi kiɗa na tashi a shagon Ɗanmaliki, mai sayar da sababbin kayan wuta. Ya fito da manyan sifiku biyu bakin ƙofa, dogaye kamar samari, fitilu na zagaya jikinsu, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi. Kullum tun hantsi haka yake yi, har langa-langar rumfar Labaran na amsawa.

"Ga su can," in ji Haulatu, ta nuna da haɓa. "Su nake so. Da ƙaton akwatin nan na ƙasa. Yara sun ce sunanta hom tiyata."

"Tiyata a asibiti ake yi."

"Kai ma ana gab da yi maka."

"Gidan biki za ki buɗe a Kusada da tsufanki? Ki faɗa mani ranar buɗewa in zo in ga rawarki, in mutu da abin ba jikoki labari."

"Sai ka biya kuɗin ƙofa kamar kowa. Kuma a baya za ka tsaya, kada furfurarka ta kore mani 'yan kallo."

"Da mi za ki saye su?"

"Tunkiyata na kai kasuwa."

Labaran ya dube ta. Ya san tunkiyar. Ita kaɗai ta rage mata a garke tun da ciwo ya kwantar da maigidanta. Malam Sada tsohon hedimasta ne, ya koyar a garin Ƙofa shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya. Shekara biyu da suka wuce ya faɗi a hanyar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kunnen dama ya bi hannu da ƙafa. Tun daga nan duniyarsa ta koma gado ɗaya a falo da talabijin a gabansa.

"Ita tsohuwar mi ta yi maki?" ya tambaya yana kwance zanen.

"Ba ta yi mani komai ba, shi ne laifinta. In na ƙure ta, kwanukan da ke kan kabad na rawa, maƙwabta na jin labarai har bayan katanga, shi kuwa Malam sai ya waiwayo ya ce, 'Haule, mi suka ce?' In ina madafi, 'Haule, mi suka ce?' In na shiga wanka, 'Haule, mi suka ce?' Na zama tafinta, Labaran. Sai in zauna kusa da kunnen hagu, su faɗa in faɗa. Labaran safe ni, na rana ni, tafsiri ni, har ƙwallo ni. Yanzu na san sunan ministan ƙasar da ban san ko gabas take ko yamma ba."

"Ashe kin yi ilimi a ƙarshe. Kawu ya yi ta fama bai samu ba."

"Shekaranjiya sau biyu tuwo na ƙonewa."

"Wannan kuma kada ki ɗora ma Malam. Tun kina budurwa kike ƙona tuwo."

"Kana zuwa kana cinye ƙanzon kuwa."

Ta faɗa da murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Ta sa bakin hijabi ta goge fuska.

"Ba ya nufin wahalar da ni," ta ce. "Mutum ne da ya saba kowa a gari shi yake tambaya mi ake ciki. Yanzu in abu ya wuce shi sai ka ga ya juya fuska bango. Gara mani kiran da juya fuskar nan. To na ce bari in sayo wadda ta fi ƙara, ko ya ji da kanshi, ni ma in ga ko zan iya gama wanki ɗaya ba a kira ni ba."

Labaran ya juya amfilifayar ya duba bayanta, inda ake jona wayoyi. Tsohuwa ce, mai nauyi, irin wadda babban ɗan Malam ya sayo wa gidan tun farkon fara aikinsa. Ƙura ta toshe ramukan iska, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Ya ɗora tabarau, ya ɗora wani a kansa, don ɗaya ya daina isarsa. Ya bi ramukan jonawa da yatsa. Uku sun goge saboda amfani, ɗaya ya yi tsatsa.

"Sifiku nawa kike jonawa a gida?"

"Na dama, na hagu, da ƙaton na ƙasa."

"Ƙaramar fa? Mai kwance, wadda ake ajewa ƙarƙashin talabijin?"

"Wace?"

"Doguwa haka, kamar burodi."

"Oho, wannan. Ai tun shekarar da ɓera ya cinye wayarta na cire ta. Da ita nake tokare ƙofar madafi."

Ya ajiye sukudireba a hankali.

"Kina tokare ƙofa da ita."

"Tana da nauyi daidai. Damina biyu tana nan, ko motsi."

"Haulatu, Allah ya jiƙan kawu. Ya haifi ɗiya tara, takwas suka raba hankalin kafin ki iso."

"Ni ce ta uku."

"To ko jinkirin naki ya yi yawa."

"Faɗi abin da za ka faɗa, mai ido huɗu. A'a, shida ma, na ga ka ƙara bene."

"Ita wannan da kika ba aikin gadi, ita ke magana. Sauran duk 'yan rakiya ne. Ƙaton akwatin na ƙasa ba abin da ya iya sai ganga da tsawa da ƙarar mota. Na gefe su ɗauki kiɗa. Muryar mutum kuwa, a irin wannan amfilifayar, ta tsakiya ake turo ta. Kin cire bakin kin bar ciki na ƙugi, kuma kina mamaki Malam bai ji."

"Ƙarya kake. Kana baƙin ciki ne zan kai ma Ɗanmaliki kuɗi."

"Ina baƙin ciki, ban musa ba. Amma saurara." Ya nuna tsallaken titi. "Kina jin kiɗan can?"

"Wanda ke Katsina ma na ji."

"Mi mai waƙar ke cewa?"

Ta karkata kai. Ta ɗan ɗage hijabi daga kunne. Ƙasa na girgiza, kofin da ke kan tebur na motsi, fitilu na ta juyawa.

"Yana cewa... wani abu dai a kan soyayya."

"Wa'azi ne aka sa ma kiɗa, ko tallan maganin basir, ba ki sani ba."

"Nisa ne."

"Nisa? Daga nan kina iya tofa mashi yawu. Ke da ke da kunne biyu, ko da yake na ado ne, ba ki ji ba. Shi mai ɗaya fa? Ki kai mashi waɗancan, ki ƙara mashi tsawa a ka, ga fitila na haska mashi ido kamar an kama ɓarawo. Kuma batirin solar gidanku ba zai ja su ba, kafin a gama kanun labarai ya mutu. Daga nan ba 'mi suka ce' ba, har 'ina suka tafi' sai kin amsa."

Haulatu ta tsaya tana kallon dogayen sifikun. Labaran ya gane ba maganarsa take aunawa ba. Tun daga Kusada ta taho da su a ranta, ta riga ta ga inda za ta jera su, ta riga ta ga kanta tana wanki har ta shanya. Yanzu ya zo ya rushe mata.

"To mi zan saya?" ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Ba ki sayen komai tukuna. Bari in ga ko hanyar tsakiyar na da rai."

Ya buɗe murfin, ya hure ƙurar, ya yi tari. Ya sa mita ya gwada nan, ya gwada can. Wani ɗan abu ya kumbura a ciki, sai an canza shi. Ya jona ƙarfen narka dalma, ya shiga tonon gwangwanin da yake tara kayan matattun rediyo.

"Dubi inda yake nemo magani," in ji ta. "A maƙabarta."

"Nan ake samun na ƙwarai. Na yanzu in ya lalace ba a gyarawa, jefarwa ake. Shi ya sa kika same ni ina hamma."

"Da ka bi shawarata ka koma noman gyaɗa."

"Da wane bayan?"

"Da na matarka. Ai ita ke ɗauke da kai dama."

Da ya gama, ya miƙa hannu sama ya jawo wayar wata sifika da ke rataye a jikin ginshiƙin rumfar. Akwatin katako ne, baƙi saboda tsufa, shi ya ƙera shi da hannunsa tun yana sabon aure, ya sa masa sifikar da ya ciro daga wata babbar rediyo ta da. Da ita yake gwada duk abin da ya gyara, da ita yake jin labarai in ba aiki. Ya jona ta a ramin tsakiya, ya kamo tasha. Wani mutum na bayani a kan takin zamani. Bai ƙure ƙara ba, amma duk da hayaniyar Ɗanmaliki, kowace kalma ta fito fes, kamar mutumin na zaune a ƙarshen benci.

Haulatu ta waiwaya ta dubi ƙarshen bencin, sannan ta dubi akwatin.

"Mummuna ce," ta ce.

"Amma kin ji."

"Kamarku ɗaya. Baƙa, tsohuwa, ga surutu."

"Amma kin ji."

"Ban ce ban ji ba. Na ce mummuna ce. Ko fitila ɗaya babu."

"In kin matsu sai in ɗaura mata tocila."

Ya koma kan aikin, don akwai wayoyi biyu da suka saki, kuma maɓallin ƙara na karta. Yana yi yana ba ta labarin yadda wani ya kawo masa rediyon da kunama ta haihu a ciki. Ya kai inda ya kamata ta ce ƙarya yake, bai ji ta ce ba. Ya waiwaya. Ta jingina da bangon langa-langa, kai ya karkace, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya na riƙe da kofi a cinya. Barci take, irin na wanda aka daɗe ana bi.

Ya zare kofin a hankali. Ya rage muryar mai takin zamani, amma bai kashe ba, don ya lura da maganar ce ta lallashe ta: ga wani na magana, kuma ba wanda zai ce ta maimaita. Wani mutum ya zo karɓar fankarsa, Labaran ya tare shi tun daga waje, ya ce ya dawo gobe. Ya tsallaka titi ya roƙi Ɗanmaliki ya ɗan sassauta, ya ce yana da mara lafiya. Ya dawo ya zauna.

Ya tuna lokacin da Haulatu ke tsere da maza a kan kunyar gyaɗa tana barinsu a baya, ta tsaya tana yi masu gwalo. Yanzu ga jijiyoyi sun fito a bayan hannunta, ga kaushi a dunduniya. Shi ma ba wani ƙarfi ya rage masa ba. Ido na tafiya, aiki na tafiya, yaransa ba wanda ya yarda ya koyi sana'ar. Ya ɗaga kai ya dubi akwatin da ke jikin ginshiƙi. Sifikar da ke tokare ƙofar madafi dai damina biyu ta gama da ita. Ya kuma san a kasuwa ba za a samu mai fitar da murya kamar akwatin nan ba, ƙananan da ake sayarwa yanzu kamar sauro suke kuka. Ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya ɗauki filaya ya hau kan kujera, ya fara cire ƙusar.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ta. Ta zabura tana gyara hijabi.

"Na'am, Malam."

"Malam na Kusada. Nan Kankia ce, gidan bawanki."

Ta dube shi, ta dubi rana.

"La'asar? Ka bar ni har la'asar? Ɗiyata Salma na baro mashi, kuma ta ce da la'asar za ta koma gidan mijinta."

"Na kira ta, ta ce za ta jira. Ta ce in bar ki, rabonki da barcin rana tun tana amarya."

"Ni ba barci na yi ba. Ido na hutar."

"Minsharinki ya sa Ɗanmaliki ya rufe shago. Ya ce ba ya iya gasa da ke, wai a ina kika sayi naki akwatin na ƙasa."

"Allah ya isa tsakanina da bakinka."

Sai ta ga amfilifayar a naɗe cikin zanenta, ga baƙin akwatin a gefe an ɗaure shi da roba. Ta dubi ginshiƙin, ba komai sai ramin ƙusa.

"Ina za ka kai wannan?"

"Gidan Malam. Ba don ke ba. Na gaji da ganinta, kin ce mummuna ce, na duba na ga gaskiyarki. To gara ta je inda ba za ta ji kunya ba, kusa da ke."

"Kai da mi za ka riƙa gwaji?"

"Mi ake kawo mani da zan gwada? Je ki shiga mota. Zan yi salla in biyo ki a babur. In na bar ki ki jona da kanki, a jikin tukunya za ki jona."

Ta ɗauki jakarta.

"Ka tafi a hankali," ta ce. "Ba don kai ba, don kayan."

Ya riga ta isa, don motarsu ta tsaya lodi. Salma ta yi masa iso ta tafi. Malam Sada na jingine da matasai uku, an sa masa farar hula, hannun dama na kwance a kan cinya kamar ba nasa ba. Labaran ya durƙusa ta gefen hagu ya gaishe shi da ƙarfi. Malam ya amsa, harshe na yi masa nauyi, amma bai bar ko gaisuwa ɗaya ba, har da tambayar yadda ruwa ya yi a Kunduru.

Kafin Haulatu ta shigo ya riga ya jona wayoyi. Bai ajiye akwatin ƙarƙashin talabijin ba. Ya jawo wata 'yar kujera ya ɗora shi a gefen hagun gadon, ya karkato fuskarsa wajen kunnen da ke ji. Ƙaton na ƙasa kuwa ya rage shi har kusan ƙarshe.

"Ka zo ka tare mani hanya," in ji Haulatu tana ajiye jaka. "Ta nan nake kawo abinci."

"Sai ki zagaya. Tafiya na ƙara lafiya ga tsofaffi."

"Wannan wayar kuma da ka shimfiɗa, tarkon wa?"

"Naki. Amma ki bari sai na tafi, kada a ce ni ne."

"Malam, ka ga abin da ya kawo maka? Na tafi sayo maka masu fitilu, ya tare ni a hanya ya ba ni akurki."

Malam ya dubi bakinta, ya dubi na Labaran. Bai kama ba, amma ya san halinsu, ya yi murmushi da ɓarin fuskar da ke motsi.

Labaran ya kunna. Ana tsakiyar labaran yamma, wata mata na karanta bayani a kan ambaliyar da aka yi a wata jiha. Ya ɗaga ƙara kaɗan, ya tsaya. Kwanukan kan kabad ba su motsa ba. Haulatu ta riga ta zauna a bakin gado inda ta saba, ta sunkuya wajen kunnen maigidanta.

"Wai an ce ruwa ya ci gidaje a..."

Malam ya ɗaga hannun hagu.

"Na ji," ya ce.

Ta tsaya da sauran maganar a baki. Ya ɗan matso da kai wajen akwatin, idonsa a kan talabijin. Aka wuce labarin ambaliya, aka shiga na makarantu, ya gyara zama.

"Sa'a ce," in ji Haulatu a hankali. "Matar nan dama muryarta siririya ce."

"Ki jira namiji ya zo."

"Ko ya zo, ni na gano wurin da ya kamata a je. Da ban ɗauko ta a ka ba, da kana can kana hamma."

"Ke da kika ba sifika aikin gadin madafi."

"Ta yi aikin kuwa. Akuya ba ta ƙara shiga ba."

"Haule," in ji Malam.

Ta juya da sauri. "Na'am?"

"Ku fita. Kuna hana ni ji."

Suka dubi juna. Labaran ya tattara kayan aikinsa, suka fito tsakar gida sumul kamar 'yan aji ɗaya. Ƙasa na da danshi, hadari na haɗuwa ta gabas. Haulatu ta kife turmi ta zauna a kai. Ga wanki a baho tun na jiya, ga kwanuka a gindin rijiya, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta ɗora hannaye a gwiwa, kunnenta na wajen ƙofar falo. Labaran ya tsaya yana naɗe ragowar waya a hannu, ya gama, ya kwance ya sake naɗewa. Muryar mai labarai na fitowa ƙasa-ƙasa. Namiji ya karɓa. Ba a kira kowa ba.

"Shekara biyu," ta ce, "yau ne ya fara korata."

"Ya yi haƙuri. Ni da a mako na farko zan kore ki."

"Ban san mi zan yi ba yanzu."

"Ki koma kasuwa ranar da take ci ki sayo tunkiya. Ki zaɓi wadda ba ta da fitila."

Can sai muryar Malam ta tashi daga ciki, da ƙarfi fiye da ɗazu. Haulatu ta miƙe tsaye.

"Ba haka ba ne," Malam ke cewa. "Ba a shekarar aka buɗe ta ba. Ina nan aka yi."

"Zauna," in ji Labaran. "Ba da ke yake ba. Ya samu ɗalibi."

Ta tsaya tana saurare. Malam ya ci gaba da gyara wa mai labarai kuskure, kalma na fita da ƙyar amma ba ya fasawa. Sai dariya ta kuɓuce mata. Ta toshe baki da hijabi kada ta dame shi, kafaɗunta na rawa, har ta dafa bango. Da ta lafa ta goge ido, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya cike da ƙwan zabi an shimfiɗa masu ƙaiƙayi.

"Ungo," ta ce. "Ka iya. Sau ɗaya na faɗa, kuma in ka gaya ma wani zan rantse ban faɗa ba."

"Ban ji ba. Mi kika ce?"

"Kada ka fara. Na yi ritaya."

Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu yana dariya. "A babur za ki ba ni ƙwai, ga hanya duk rami, ga hadari?"

"Sai ka tuƙa daidai shekarunka. Tafi, ɗan gwaggo, tun ruwa bai sauko ba. Ni zan ɗan kwanta."